Na Ba Mutanen Riyad Biyu Cikin Goma

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Lahadin nan ba, ko da na so in manta. Ina kan motar ɗaga kaya a sitonmu da ke Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad, sai mudir, wato manajanmu, ya yafito ni na sauko. Ya miƙo mini takarda, ya ce kamfani ya buɗe reshe a Abha, wani gari mai nisa a kan duwatsu, ana son mutum ɗaya da ya san aiki, kuma ni ya fara tunawa. Aikin ɗaya ne, iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ba za ta taɓu ba. In na yarda, in sa hannu kafin ƙarshen wata.

A lokacin kwana arba'in da 'yan kai ke nan da rasuwar yayana Habu. Shi ya riga ni zuwa Riyad, shi ya nemo mini aikin nan. Direban wani gida ne a unguwar Suwaidi. Ya sauke yara a makaranta, ya kashe mota, bai sake tayar da ita ba. Likita ya ce zuciya ce. Ba zan tsawaita a nan ba.

Tun daga ranar garin ya yi mini ƙunci. Amma magidanci mai shekara arba'in da uku ba ya iya tsayawa gaban mutane ya ce gari ya ishe shi don yayansa ba ya ciki. Sai na shiga neman hujja mai kama da ilimi.

A waya na same ta. Akwai shafukan da ke jera birane, suna nuna wanda ya fi daɗin zama. Suna ba da maki a kan iska, cunkoson hanya, asibiti, wuraren shaƙatawa, har da sauƙin yin abokai. Karatuna bai wuce sakandare ba, Turancina kuma na jikin kwali ne, amma kwana huɗu ina fama da su a lokacin hutun rana. Wani shafin ya ce kaza, wani ya ce akasin haka, wani ma bai san da Abha a duniya ba. Wannan bai dame ni ba. Na samu bayan wata tsohuwar takardar kaya, na ja layi da rula, Abha a dama, Riyad a hagu. Inda shafukan suka yi shiru, na cike da kaina. (In faɗi gaskiya, na san wanda zai ci tun kafin in ja layin farko.)

Duk Juma'a bayan an sauko, mukan haɗu a ɗakin Baba Sale a unguwar Al-Oud mu ci tuwo. Baba Sale tela ne, dattijo, ya fi kowannenmu daɗewa a ƙasar. Da Yaya Habu ya rasu, shi ya rufe shagonsa kwana shida yana zirga-zirga tsakanin asibiti, ofishin jakadanci da gidan kafil, wato uban gidan da Yaya ke wa aiki, har aka ba mu izinin binnewa. Ni kuwa ina biye da shi kamar jaka, ko sunana aka tambaya sai ya amsa mini. Kuma a nan ba a rubuta suna a kabari, dutse kawai ake ajiyewa. Ranar jana'iza idona bai ga komai ba. Baba Sale ne ya ƙirga layuka daga bakin ƙofa, don haka shi kaɗai ya san inda yayana yake kwance.

To a gaban wannan mutumin, da wasu mutum bakwai da suka ɗauki makarar, na gyara murya bayan an wanke hannu an zuba shayi.

"Jama'a, ina da magana. An ba ni canjin wurin aiki zuwa Abha, kuma na yi bincike."

Ɗanladi, direban tirela da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce, "A yi shiru, malamin jami'a zai yi bayani."

Na warware takardata. "Iska. Abha tara, Riyad uku."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Ɗanladi. "Na kai kaya can, sai da na nemi bargo."

Sai kaina ya ƙara girma. "Wuraren shaƙatawa. Abha takwas, Riyad biyar."

Ɗanladi ya ce, "Tsaya. Shekararka nawa a garin nan?"

"Tara."

"Wane wurin shaƙatawa ka taɓa shiga?"

Na yi tunani da gaske. "Na taɓa wucewa ta gaban ɗaya a bas."

Aka kwashe da dariya. Na daure na ci gaba. "Cunkoson hanya..."

"Kai da daga gadonka zuwa sito tafiyar ƙafa ce? Cunkoson da ka sani na layin banɗaki ne da asuba." Ɗanladi ya kurɓi shayi. "Kuma bari in gaya maka, na ga inda sitocin can suke. Suna bayan gari. Masaukin ma'aikata irin naka ne sak, gado mai hawa biyu, katanga da waya a kai. Duwatsun nan da kake kallo a hoto, ta taga za ka hango su, in ka yi ɗage."

Mai hankali a nan zai ninke takardarsa ya sa a aljihu ya yi dariya tare da mutane. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ɗaga murya, na shiga karantawa da sauri ba tare da idona ya riga bakina ba. Asibiti kaza. Tsabtar titi kaza. Sai na ji bakina ya ce:

"Mutane da zumunci. Abha bakwai, Riyad biyu."

Kofin Baba Sale yana hannuna, tuwonsa yana cikina, kafaɗun da suka ɗauki yayana suna kewaye da ni. (Na rubuta biyun nan ne ranar Laraba, ina zaune ni kaɗai a bayan sito, ina jin haushin duniya. Ban taɓa kawo fuskar kowa a raina ba lokacin.)

Baba Sale ya miƙo hannu. "Ba ni in gani."

Ya sa tabarau, ya shimfiɗa takardar a gwiwa kamar yadin da zai yanka, ya bi layin da yatsa.

"Biyu cikin nawa?"

"Cikin goma, Baba."

"To madalla. Na ɗauka cikin ɗari ne." Ya ɗago kai. "Wa ka sani a Abha?"

"Ba kowa."

"Ɗanladi, ka ji ko? Waɗanda bai sani ba sun ci bakwai. Mu sanin da ya yi mana ne ya kayar da mu."

Na ce, "Baba, wallahi ba ni ba ne, shafin ne ya..."

"Shafin ne ya iya rubutu da shuɗin biro?" in ji Ɗanladi. "Ga shi har ka maimaita biyun don ta fito sosai."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba wanda ya yi fushi, kuma wannan ya fi yi mini zafi. Baba Sale ya ninke takardar a hankali ya mayar mini.

"Ɗana, in tafiyar ce alheri, ka tafi, mu raka ka har tasha. Amma kada ka ce mu muka kore ka. Faɗi abin da ya kore ka."

Na buɗe baki in kawo zancen iska. Abin da ya fito daban ne. Na ce duk Juma'a in wayata ta yi ƙara da hantsi, sai in ɗauka Yaya ne zai ce in fito bakin titi ya iso. Iyakar abin da na iya faɗi ke nan. Ɗanladi ya karɓi kofina ya sake cika shi, har ya zuba mini sukari fiye da yadda nake sha.

Bayan la'asar Baba Sale ya sa takalmi ya ce in taso. Muka shiga motar Ɗanladi ƙarama zuwa maƙabarta. A bakin ƙofa Baba Sale ya tsaya ya ce, "Ni na tsufa, kuma iƙamata ba ta har abada ba ce. Ko za ka tafi ko za ka zauna, ka koyi hanyar nan da ƙafarka." Ya yi gaba yana ƙirga layuka a fili, ina biye ina maimaitawa.

Ba na cewa jerin biranen nan ƙarya ne. Sun gaya mini in sayi bargo, kuma gaskiyarsu ce. Amma an yi su ne don mutumin da zai zauna a cikin gari, ba wanda zai kwana a bayan katangar kamfani ba. Kuma na duba su kaf, ban ga layin da ke tambayar wanda zai rufe shagonsa kwana shida saboda kai ba. Darasin da na ɗauka ƙarami ne: in za ka ba mutane maki, kada ka karanta shi da tuwonsu a cikinka. Har yau in na yi sallama ɗakin, Ɗanladi cewa yake, "A matsa wa Biyu-cikin-goma."

Da wata ya ƙare na roƙi mudir ya ƙara mini lokaci, ya ce sai bayan Sallah zai tura wani in ban yanke ba. Takardar tana ƙarƙashin katifata, ba sa hannu. Sau uku ke nan muna komawa maƙabarta da Baba Sale, kuma duk zuwa sai na ɓace a wajen layi na goma sha wani abu. Har yanzu ban iya gane kabarin ni kaɗai ba.