Ranar da Na Yi wa Mai Gida Raɗa a Gidansa

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Laraba a Samarun Gusau ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara tara ina aiki a Bungudu kafin a mayar da ni Gusau, kuma ni da maigidana mun gaji da zaman haya. Muka haɗa abin da muka tara, muka sayar da wata gona da ya gada, muka ce sai namu na kanmu. Shi direban babbar mota ne, kullum yana hanya, sai ya ce, "Ke ce gwanar ciniki, na bar miki." (Gaskiyarsa. A kasuwar Tsafe masu sayar da atamfa har ɗauke kai suke idan sun hango ni, ni kuwa da wannan nake taƙama.)

Neman dillali ya fi neman gidan wuya. Na farko ya turo mini hoton wani gida mai kyau, da muka je sai na tarar da kango da awaki a ciki. Na biyu ya kai ni wani kwari, yana rantsuwa ruwa ba ya kwanciya, alhali ga shatin ruwan bara a bango har gwiwata. Ina cikin mita a wurin aiki sai abokiyar aikina, Sista Rifkatu, ta ba ni lambar wani Malam Isa. Ta ce shi ya samo musu nasu, dattijo ne mai farin gemu, ba ya ƙarya.

Na kira shi. Ya ce akwai gidan wani tsohon malamin makaranta da zai koma 'Yandoto ya ci gaba da noma, mu haɗu a ƙofar gidan bayan la'asar.

Ina sauka daga Keke Napep sai ga dattijo a kan benci, farin gemu, ga tarin makullai a hannu. Me ya rage? Na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ce mai son ganin gida."

Ya ce, "Madalla, ɗiyata. An ce za ki zo. Bismillah."

("An ce." Da kunnena na ji, amma ban tsaya na yi tunani ba.)

Gidan ya yi mini, wallahi. Ɗaki uku, rijiya, ga bishiyar lemo a tsakar gida. Amma gwanar ciniki ba ta yabo. Na taɓe baki na fara kushe: ƙofofi sun tsufa, madafi kamar akurkin kaji. Da muka shiga falo na ga wani koren fenti sai na tafa hannu. "Baba, wanda ya zaɓi wannan fenti lafiyar idonsa ƙalau kuwa? Ya zo asibitinmu a duba shi!"

Ya yi murmushi kawai. Ni kuma na ɗauka mun fahimci juna.

Sai na matso, na rage murya. Na ce, "Baba, tsakaninmu, gidan ya kwanta mini. Ko bai rage ko sisi ba zan iya saya. Amma tsohon nan da gani a matse yake, damina ta kusa, gona na jiransa. Ka ce masa na ga tsaga a bango, na tafi ina fushi. Idan ka lallaɓa shi ya sauko, zan ƙara maka wani abu a kan la'adarka. Ba mai ji."

Ya shafa gemu, ya ce, "To, ai kuwa ya ji."

Ban gane ba. Ina shirin tambaya sai ga ƙarar babur a waje, sai ga sallama. Wani dattijon ne ya shigo yana haki, shi ma da farin gemu. "Hajiya, ki yi haƙuri, taya ce ta yi faci. Ni ne Isa. A'a, ashe har kun gaisa da Malam mai gidan!"

Innalillahi! Jakata ta suɓuce ta faɗi, biro da katin aiki suka watse. Na dubi wannan gemu, na dubi wancan. Na tsuguna kamar zan kwashe kaya, na ƙi tashi.

Daga ƙasan na ce, "Baba, don girman Allah ka yafe mini."

Malam Isa ya rikice. "Lafiya? Mi ya faru?"

Mai gidan ya ce, "Ba komi. Ta ce in gaya wa kaina bango ya tsage." Ya juyo gare ni. "Tashi, ɗiyata. Fentin kuwa marigayiya matata ta zaɓa. Ni ma na ce mata bai yi ba, ta ce ba a tambaye ni ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Malam Isa da ya ji sauran labarin bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, ko ni kika tarar ba zan yi ba. Dillali amanar mutum biyu yake riƙe da ita." Na sha faɗa a gaban koren fentin nan, ina "haka ne, Malam" kamar 'yar aji ɗaya.

Mun sayi gidan. Malam Isa ya bi mana takardu, ya kai mu wurin mai unguwa da maƙwabta suka shaida. Ragi kuwa? Da maigidana ya dawo ya nema, tsohon ya ce cikin natsuwa, "Uwargida ta ce za ta iya a haka." Maigida ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi silin.

Abin da na koya ba shi da yawa: kafin ka ɗauki dillali, ka binciki halinsa; kafin ka yi masa raɗa, ka tambayi sunansa.