Yadda Tunau Ya Matsar da Turakun Gareji

A Kwanar Dumi, ƙauyen nan da birni ya yi ta matsowa har ya haɗiye shi, an yi wani mutum wai shi Tunau. Ba shi da mugunta, ba shi da ƙiwa. Abu ɗaya ne damuwarsa: duk maganar da ka gaya masa haka zai ɗauke ta ɗungurungum, ba ragi ba ƙari. Yana zaune a gidansu na gado da matarsa Gwamma, wadda ta daɗe da daina mamaki, da mahaifiyarsa Inna Tabawa. Ɗakin Inna na ƙasa ne, a jikin katangar waje. A cikinsa ta haifi 'ya'yanta duka, kuma ta sha faɗa cewa daga cikinsa za a ɗauki gawarta. Wan Tunau kuwa, Haladu, direba ne a Kudu.

Wata rana Haladu ya bugo waya ya ce ya sayi mota, yana so kafin ya dawo a gina masa gareji a jikin ɗakin Inna, a huta da gina bango ɗaya. Ya ce, "Motar irin ta Alhaji Maikano ce. Je ka auno tasa, kada ka bar ko'ina." Tunau ya ɗauki igiyar guga ya tafi. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya auna madubi da taya, ya shige ƙarƙashi ya fito baƙi ƙirin. Da ya leƙa ciki sai ya ga Alhajin da kansa ya kishingiɗa yana gyangyaɗi. Alhaji bai farka ba sai da ya ji igiya ta zagaye masa tumbi. Ya zabura ya ce, "Kai, lafiya?" Tunau ya ce, "Lafiya lau, Alhaji. Ɗan riƙe numfashi, na kusa gamawa."

Wata rana kuma Malam Zubairu na ofishin tsara gari ya zo da abin awonsa, ya kafa turaku huɗu ya ja igiya a tsakaninsu. Ya ce, "Dokar unguwar zama ke nan. Gareji na mota ɗaya ne. Ƙofa kada ta wuce tsakanin turakun nan na gaba, bango kada ya ci hanya. Wanda ya wuce, katafila ce za ta gyara masa. Ku kuwa bangonku ɗaya da ɗakin tsohuwa, in aka ja wannan, wancan zai biyo shi." Inna tana ji ta taga, kuma tun daga ranar tuwo ya daina wuce mata da daɗi. Da Malam Zubairu zai hau babur ya ƙara da cewa, "Kada ka sa bulo ko ɗaya sai na gani."

Washegari Tunau ya loda bulo a baro, ya tura har ofis. Ya tsaya a bakin taga yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. "Ranka ya daɗe, ka ga wannan? To, wannan fa?" Ya koma gida ya sake lodi. Kafin azahar ƙofar ofis ta toshe, ma'aikata suna tsallake bulo kamar masu ƙetare kwata. Malam Zubairu ya fito ya dafe kai. "Na gani, bawan Allah! Duk na gani, har waɗanda ba a buga ba tukuna. Kwashe kayanka. Kuma ka ji da kyau, ba shago aka ba ku ba, ba ɗakin kwana ba. Ba abin da zai shiga wurin nan sai mota."

Wata rana Jibo magini ya iso da digarsa zai haƙa harsashi. Ya ɗaga ƙafa zai tsallake igiya, Tunau ya tare shi. Ya ce, "Kai mota ne?" Jibo ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga mutumin ya kafe, ya ce, "To ta ina zan haƙa?" Tunau ya ce, "Daga waje. Ka miƙa hannu." Jibo ya saɓa digarsa ya tafi yana surfa bala'i. Sai da Gwamma ta bi shi har gida ta ba shi haƙuri, sannan ya ce zai dawo bayan kasuwa, da sharaɗin a aiki Tunau wani wuri.

Ana haka Haladu ya sake bugowa. Da ya ji inda aka kafa turaku sai ya ja tsaki. "Kowa a layin nan sai da ya matsar da nasa bayan mai awo ya tafi. Na Alhaji Maikano ya ci rabin hanya, wa ya taɓa shi? Ka tura su wajen titi, ka buɗa ƙofar ta yi faɗi." Tunau ya waiwaya ya dubi ɗakin tsohuwar. Ya ce, "Yaya, ɗakin Inna fa?" Haladu ya ce, "Katafilar nan tun yaushe ake ba mutane tsoro da ita? Yi abin da na ce. Amma ka tabbata ba wanda ya gani, ko mutum ɗaya."

Ranar kasuwa da tsakar rana layin ya yi tsit. Gwamma ta fita, Inna tana barci. Tunau ya duba gabas ya duba yamma, ya kori wata kaza da ta tsaya tana kallonsa, ya durƙusa zai kama turke. Sai ya tsaya cak. Ashe akwai sauran mutum ɗaya da ke gani, shi kansa. Ya shiga gida ya ɗauko ɗankwalin Gwamma ya ɗaure idonsa tamau. Ya lalubo turakun gaba ya tuge, igiya ta harɗe masa ƙafa, ya yi adungure, ya tashi bai san gabas ba bai san yamma ba. Ya tafi inda ransa ya ba shi cewa titi ne, ya buga su. Ko da ya kwance ɗankwalin bai waiwaya ba, don kada ya gani. Jibo kuwa da ya dawo bai tambayi kowa komai ba, inda ya tarar da turke nan ya bi.

Da Haladu ya iso ya ga gini, kamar ya haɗiye zuciya. Gareji ya ja baya ya lafe a jikin gida, ƙofa kuma sai an naɗe madubai biyu motar take shiga, shi ma sai ya karkace kafin ya fito. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Tunau ya sunkuyar da kai, ransa duk ya ɓaci, don shi a ganinsa bai saɓa ko kalma ɗaya ba.

Wata rana da hantsi aka ji ƙasa tana girgiza. Katafila ce, Malam Zubairu a gaba da abin awo da bokitin jan fenti. Aka fara da garejin Alhaji Maikano, aka bi layin gida gida, bango yana zubewa mata suna salati. Inna ta fito ta zauna a bakin ƙofarta, tana jan carbi. Haladu ya kasa haɗa ido da ita.

Malam Zubairu ya ja awo daga titi, ya sake ja, ya auna ƙofa. Ya ce, "Wannan ai ko inda na ba ku ba ku kai ba. Wa ya matsar da turakun nan?"

Tunau ya ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, ban gani ba."

Malam Zubairu ya ɗaga wa mai katafila hannu, ta wuce gida na gaba. Haladu ya zame ya zauna daɓas a ƙasa yana sauke ajiyar zuciya. Inna ta dafa bangon ɗakinta ta daɗe tana shafa shi, sannan ta ce, "Gwamma, ɗora mini tukunya. Yau yunwa nake ji."