Ƙ Ɗin da Ta Rasa Lanƙwasa

Ranar da Hajiya Binta ta buɗe gidan abincinta a unguwar International City da ke Dubai ba ta cikin ranakun da zan taɓa mantawa, ko da kuwa na so.

A lokacin ina aiki a wani shagon allunan talla, irin masu rubutun wuta yana tafiya. Hajiya 'yar Kano ce, farfesun ƙashinta kuwa 'yan kasuwarmu har daga Bur Dubai suke biyo shi. Ta ce allon Hausa take so. Matsalar ita ce allon ɗan China ne, bai san ƙ ba.

"Ɗana, ka dai san abin da zai fito in babu lanƙwasar nan," in ji ta.

Na bugi ƙirji na ce, "Hajiya, khalas, an gama, ki bar mini." (Ni fa a lokacin ko gaisuwa sai na cusa mata kalmar Larabci.)

Abin da ke juya ƙwaƙwalwar allon fayil ne na hex, wato wani salon ƙirga na kwamfuta, layi-layi na lambobi, kowane layi da adireshinsa. Na zauna na rubuta shiri da yaren kwamfuta na C, ya karanta layukan, ya kwafi K, ya ɗora masa lanƙwasa, ya sake jera komai. To a hex, 10 na nufin goma sha shida. Na san wannan kamar sunana. Amma da na zo nuna inda lanƙwasar za ta zauna, sai na rubuta 10 tsurarsa, ban sa 0x, alamar hex, a gaba ba, C kuwa ta ɗauka goma nake nufi, ta kai lanƙwasar wani lungu ta ajiye. Shirin bai yi ƙorafi ba, ni kuma girman kai ya hana ni kunna allon in gani.

Ranar buɗewa na caɓa ado da babbar riga. Alhazai sun cika ƙofa, aka yi addu'a, na danna maɓalli ina murmushi. Jajayen baƙaƙe suka fara tafiya a hankali: AKWAI FARFESUN KASHI MAI ZAFI.

Sai wani dattijo ya gyara gilashi ya ce, "Hajiya, ni dai a ba ni shinkafa."

Dariya ta ɓarke. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, allon kuwa sai maimaitawa yake, ko kunya babu. Na juya ina jiran ruwan faɗa, sai na ga Hajiya ta dafe bango tana share hawayen dariya. Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin 'yan kasuwa, tukunya ta ƙare ƙarƙaf, ta kuma hana ni gyarawa sai washegari.

Tun daga nan na koyi duba aikina ni kaɗai a ɗaki kafin in tara shaidu, ballantana in na san zan sa babbar riga.