Kular da na shiga da ita gidan surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da fetur ya gagari kowa, wutar lantarki kuwa sai dai a labari. Lokacin ina aiki a wani ɗakin bincike a Ɗambatta, muna bin sawun rota, ƙwayar cutar da ke sa jarirai gudawa. Aka aike ni Kano na karɓo sinadarin da muke ɗiga wa kashin yara. In ƙwayar na ciki sai ya kama ta, launi ya sauya. Mun daɗe muna jiransa, kuma da ya sha zafi ya tashi aiki. Na jera 'yan kwalaben a kula da ƙanƙara, a hanya na biya wani asibitin ƙauye na ƙara da robobin kashin da za mu gwada.

Motar hayar da na shiga ta mace mana daidai ƙauyen su Hadiza, wadda aka kusa sa mana rana. (Ni a wautata har murna na yi.) Na ce bari na leƙa mu gaisa, na rungumi kulata don kada rana ta dake ta.

Gwaggonta ce ta tarbe ni a zaure. "Haba ɗan nan, har da ɗawainiya a wannan marra? Allah ya yi albarka!" Ta sunkuci kula ta yi ciki.

Wa ya taɓa ce wa suruka ta dawo da tsaraba? Ina durƙushe ina ta "ba komai, Gwaggo", gumi yana bin bayana. Ina jin ta tana kiran maƙwabta su zo su ga abin arziki, wata har ta rangaɗa guɗa. Aka buɗe murfi. Guɗa ta katse a tsakiya.

Ni kuma da na tashi magana, maimakon na ba da haƙuri, sai na ƙwala kira daga zaure: "Don Allah ku rufe, kada ya lalace!"

Gwaggo ta leƙo, hannu a hanci. "Ɗan nan, kashi ne fa. Wace lalacewa kuma ta rage masa?"

Gida ya kaure da dariya, ta Hadiza ta fi ta kowa. Da na yi bayani cikin in'ina, Gwaggo da kanta ta naɗe kular da jiƙaƙƙen buhu, ta sa yayan Hadiza ya kai ni Ɗambatta a babur. Sinadari ya isa lafiya, aure ma an ɗaura.

Tun daga ranar na gane ba a zuwa gaishe da surukai da kayan aiki a hannu. Yanzu yaranmu uku, amma har yau in na kai tsaraba, sai Gwaggo ta ja da baya ta ce, "Buɗe da kanka tukuna."