Fim Ɗin da Na Ga Farkonsa Sau Huɗu

Jiya na fito da rigar da nake ajiyewa don ranar zuwan masu duba makaranta, na tafi kallon fim. Kada ku yi mini dariya. Shekara ashirin da shida ina koyar da tarihi ban taɓa shiga gidan kallo ba, wannan karon ma aike na aka yi.

Fim ne a kan wata shekarar yunwa ta zamanin da. Ana ta yabonsa, wai duk wanda ya kalla da jan ido yake fitowa. Gwaggona, yayar mahaifina, ta ji labarinsa a rediyo. Ita ta ga irin wannan yunwa da idonta tana 'yar shekara bakwai, a cikinta ta rasa ƙanwarta. Ta ce sai na kai ta. Likita kuwa ya daɗe da gargaɗinmu cewa zuciyarta ba ta son tashin hankali.

"To, je ka ɗanɗano mini," in ji ta. "In akwai abin da ban sani ba a ciki, ka zo ka ɗauke ni. In babu, kada ka wahalar mini da ƙafa."

Sai aka yi dace. Masu Girma, Allah ya ƙara musu faɗin kujera, suka shirya nuna shi kyauta a babban zauren taro, aka ce malamai su zo su cika layin baya. Na ja maƙwabcina tela muka tafi. An ce ƙarfe goma na safe. Sha biyu saura aka kashe fitila.

Gani ya kori ji. Wata uwa ce ta fito da 'ya'yanta mata biyu, za su garin da aka ce akwai sito cike da hatsi. Babu kiɗa, babu surutu, sai ƙarar takunsu a busasshiyar ƙasa. Da uwar ta gaza, babbar ta goya ƙaramar.

Nan take aka kunna fitila. Jiniya a waje. Ƙaramin Mai Girma ya iso. Muka miƙe, muka tafa, mai gabatarwa ya ce ba ladabi ba ne babban mutum ya tarar da fim a tsakiya. Aka mayar da shi farko.

Uwar ta sake fitowa da 'ya'yanta. Ba su yi nisa ba Matsakaicin Mai Girma ya iso, aka mayar da su gida. Sun sake kama hanya ke nan, sai ga Babban Mai Girma da kansa.

Tela ya raɗa mini, "Malam, baiwar Allahn nan yunwa ba za ta kashe ta ba, zirga-zirga ce za ta kashe ta."

Ni dai ban ga laifi ba. Malami ne ni, na san da maimaici ake hadda. Ko ɗalibaina ba su taɓa samun bita irin wannan ba.

A karo na huɗu Allah ya sa suka isa. Ga sito, ga ƙaton kwaɗo, ga jama'a kwance a rana. Wani magatakarda ya leƙo ta taga ya ce hatsi yana nan, amma ba za a buɗe ba sai mai girma ya iso ya ƙaddamar da rabo. Tela ya zungure ni. Na yi kamar ban ji ba.

A layin gaba kuwa kuka ya ɓarke. Babban Mai Girma ya yi hawaye, wallahi na gani. Akwai ma'aikaci guda da ba shi da aiki sai riƙon hankici. Mai hoto ya ce na farko bai fito sosai ba, Mai Girma, saboda sauƙin kansa, ya sake yi. Sannan ya sa aka dakatar da fim, ya hau mumbari ya ce shugabannin wancan zamani ba su da imani, su bar talaka yana jira! Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ya ce wani aikin gaggawa na kiransa, ya fita, layin gaba ya bi shi.

Muka zauna jiran a ci gaba. Sai zaure ya yi duhu, fanka ta tsaya. Na lallaɓa wurin mai nuna fim na tambaye shi lafiya.

"Malam, janareton tare da Mai Girma ya zo," in ji shi. "Ga shi can a bayan mota."

Na tarar da Gwaggo a ƙofar ɗakinta, ta riga ta ajiye takalmin fita kusa da ita. Na durƙusa na ce ta yi haƙuri, ban ga ƙarshe ba.

"A ina kuka tsaya?"

"A bakin sito, ana jiran a buɗe."

"Ƙaramar tana bayan babbar?"

"Tana nan, ta yi barci."

"Ba barci ba ne, ɗan nan. Nauyi kawai za ka ji ya ƙaru, ka ce barci ne." Ta gyara mayafi. "Manyan sun yi kuka?"

"Sosai, Gwaggo."

"Wancan karon ma sun yi. Mayar mini da takalmin nan ɗaki."

To, masu tambayata ko fim ɗin ya cancanci kallo: ya cancanta. Ku je, ku tafi da manyan 'ya'yanku, ku zaɓi ranar da ba a gayyaci kowa ba. Amma in akwai tsohuwa irin tawa a gidanku, ku bar ta ta huta, ku dawo ku zauna kusa da ita.

Na so in rubuta wa Masu Girma takarda, cikin ladabi, su daure su dawo su ga sauran. Tela ya hana ni. Ya ce, "Rufa mana asiri, Malam. Farkon kawai suka gani, ka ga yadda suka iya shi. Ina ga sun ga ƙarshen?"