Firintata Ta Rasu da Hoton Surukina a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, nake sanar da dangi da abokan arziki rasuwar firintata ta buga hoto, wadda rai ya yi wa halinsa jiya da hantsi, a kan teburin falo inda ta yi rayuwarta duka.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ranar da na rantse na daina kai wa masu shagon hoto guminmu. Ta kasance mai haƙuri da wadatar zuci. Tawadar kamfani sau ɗaya ta taɓa sha, daga nan sai ta kwalba da nake ɗura mata da sirinji, wani lokaci da ɗan ruwa don ta yi auki. Ba ta taɓa kai ƙarata ba, ko lokacin da ta fara fito da 'ya'yana korra-korra. Kullum da kalmarta ɗaya take fara aiki: zuiii, ƙyat, ƙyat.

Ga yadda ajali ya zo. A al'adata ba na zubar da hoton da ya lalace. Tara su nake yi a kife a gefen tebur, ina gwajin launi a bayansu kafin in taɓa sabuwar takarda. Makon jiya na lallaɓi surukata ta ba ni aron hoton marigayi mijinta, tilon hotonsa da ya rage a duniya, bisa alkawarin zan buga wa kowane ɗa nasa ba tare da an je shago ba. Sai da ta goge shi da bakin mayafinta kafin ta miƙo mini. Uwargida ta ciro shi daga firam, ta kife shi a kan tarin nan don kada ƙura ta taɓa fuskar mahaifinta. Ni kuma na zo na ɗauki na sama na tura.

Marigayiyar ta ja shi har ciki. Ta ce zuiii, ta ce ƙyat, sannan ta yi wani gurnani da ban taɓa jin irinsa ba, jar fitilarta ta ƙifta, shi ke nan. Abin da ya leƙo waje takalman surukina ne kawai. Na ja a hankali, na ji ƙarar yagewa, na saki. 

Ta rasu ta bar ni, angonta, da sirinji biyu, da kwalaben tawada da ba su da kowa yanzu, da wayar wuta mai lafiya ƙalau. Ta bar uwargida, wadda ba ta yi mini magana ba tun jiya, amma tana kallona. Ta kuma bar surukata, wadda ba ta san komai ba tukuna, ta dai aiko cewa gobe da yamma za ta zo ta karɓi abinta, don ɗakin ya yi mata faɗi da ba ya jikin bango.

Mai gyara zai buɗe gawar gobe da safe a shagonsa da ke bayan tasha. Ya riga ya haska ciki da tocila, ya girgiza kai, ya ce tawada ta malale a daidai fuskar. Daga nan za a kai marigayiyar makwancinta a buhun masu sayen tsoffin ƙarafa.

Ana karɓar gaisuwa a shagon ƙanena, don gida ba ya zaunuwa. Ba a buƙatar gudummawa. Roƙona ɗaya ne: duk wanda ya taɓa zama wurin taro da surukina, don Allah ya zazzage akwatinsa yau. Ko a cikin jama'a aka ɗauke shi hoto, ko ƙeyarsa ce kawai ta fito, a kawo mini kafin yammacin gobe. Matar nan za ta gane shi.