Atishawa a Gaban Zanen Shekara Ɗari Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da wata atishawa da na yi a unguwar Mushairib ta birnin Doha ba, wata biyu da fara aikin gadi a wani gidan baje kolin zane-zane.

Ɗakin da aka ba ni zane ɗaya ne tak a cikinsa. 'Yar takarda ce, wani Bature ya zana ta da alƙalami da tawada shekara ɗari huɗu da suka wuce. Shugabanmu, Oga Issaka, ɗan Zangon Kumasi, ya ja mini kunne: "Ko numfashi kada ka yi a kanta." Ni kuwa ban taɓa tsayawa na dube ta ba (a raina, wannan jagwalgwalon ai ɗan firamare ma zai yi).

Wata safiya kafin a buɗe, na shigo da kofin karak, shayin nan mai kauri da madara, a ɓoye. An hana, na sani. Na kurɓa ke nan atishawa ta ƙwace mini, ga ni ina fuskantar zanen. Da na buɗe ido, inna lillahi! Saman takardar duk ya dame da wani abu ruwan ƙasa, launin karak sak.

Na hango kaina a filin jirgin Hamad da jaka ɗaya, na hango mahaifiyata tana tambayar me ya dawo da ni. Na fizgo oba-oba, na manta duk masu gadin gidan suna ji, na kwarma: "Oga, na kashe zanen! Na fesa masa shayi!"

Aka rufe ƙofofi. Oga Issaka ya shigo a guje, a bayansa Dakta Salma, 'yar Sudan ɗin da ke kula da zanen. Ta matsa, ta zaro ƙyalle ta goge. Ashe akwai gilashi a gabansa, don tsabar haskensa ban taɓa lura ba.

Amma tabon na nan. Na ce, "Dakta, bai fita ba!"

"Ba zai fita ba," in ji ta. "Mai zanen ne ya sa shi. Hayaƙi ne ya zana."

Wani ya tuntsire da dariya ta oba-oba. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in matso. Wai zanen tsohon labari ne na mutanen da: an ci birni da yaƙi, an cinna masa wuta, wani saurayi ya goyo tsohon ubansa yana gudu da shi. "Dubi yatsun tsohon," ta ce. Na duba. Layi huɗu ne kacal na alƙalami, amma ga su sun damƙe kafaɗar ɗan, har ka ji tsoron da ke cikinsu. Wata biyu ina tsaye kusa da wannan, ban gani ba.

"Khalas, ya isa! Ka gama kallo?" in ji Oga Issaka. "Ina kofin?"

A matsayin horo, sati biyu na yi ina gadin wurin ajiye motoci, cikin ranar Doha, kuma har yau Mai Karak ake kirana. Na dai koyi darasi: kafin mutum ya amsa laifi da ƙarfi, ya fara duba ko laifin ya girmi kakan kakansa.